Tafin da Ban Yi Ba

Camberwell, Landan
3 ga Yuni, 1975

Zuwa ga uwargida Shafa'atu,

Bayan gaisuwa mai yawa da begen ganinki, ina fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da Inna da Hansai da Talatu. Yaya Zariya, ruwa ya sauka sosai? Yaya ƙafar Inna? Ni lafiya ƙalau, sai kewa. Jiya, a watan Yuni, dusar ƙanƙara ta zubo a ƙasar nan har ta tsayar da wasa a wani gari. Ki gaya wa Inna, na san za ta ce duniya ce ta zo ƙarshe.

Takardarki ta iso, a tsaye na karanta ta ban ko cire kwat ba. Kin ce in daina zama a kan burodi da sardin. Wa ya kai miki tsegumina? Na san Margaret matar abokinmu Katung ce, don ita ta leƙa kicin ranar da suka zo ɗaukar kujeru. Flat ɗin ya zama fayau tun tafiyarku, in na yi tari sai bango ya amsa. Ma'aikatar ruwa kuma ta sake rubuto mini tana tambayar ranar da zan kama aiki. Tun da kuɗin mai ya shigo kowace jiha dam take so, kuma yau take so.

Ga maganar da kike jira, ta yaron nan. Ranar Lahadi na je Dagenham na gaya wa Mista Garrod cewa ƙarshen Yuli za mu tashi, ni da shi. Na yi musu godiya irin wadda ta kamata, na riƙon shekara goma sha biyu, tun yana ɗan shekara biyu lokacin da nake karatu ke kuma kina koyon ungozoma. Matarsa Doris ta tashi ta shiga kicin, ta daɗe ba ta fito ba. Tsohon ya ce ko za a bari ya gama wasannin bana. Shi kuwa yaron bai ɗaga kai daga shafin wasanni na jarida ba. Ni a gidan Baffa na tashi, ranar da aka ce in koma gidanmu tabarmata kawai na naɗe, ba wanda ya tambaye ni ra'ayina. Na ɗauka haka abin zai kasance.

Yaron ya yi tsawo, ya kusa kamo ni. Har yau in na ji sun ce masa Laurie sai in waiga in ga wa ake kira. Kansa kuwa ba komai a ciki sai kurket, wasan nan na jifan ƙwallo da dukanta da sanda. Tun da Mista Garrod ya bar kamfanin motoci shi ke rubuta sakamakon wasa a kulob ɗin unguwarsu, to ya ɗura wa yaron lissafin nan kaf. Muna cin abinci yana jero wa tsohon wace ƙasa ta fi kowa tara gudu, wato maki, a wasa ɗaya, wane mai jifa ya fi fitar da mutane, a wace shekara, a wane fili. Bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Na ji daɗi har cikin raina, na kuma ci gaba da kallon farantina.

Ranar Asabar za a fara gasar kurket ta duniya, irinta ta farko, ƙasashe takwas. Na yi booking na tikiti uku na wasan West Indies da Ostireliya a filin Oval, nan kusa da mu. Kin san na yi kurket a kwaleji, ni ne mai jifa, amma ban taɓa gaya masa ba. Wane uba ne zai zauna yana ba ɗan farinsa labarin wasa? Dabarata dai ita ce in muka wuni a benci ɗaya, wataƙila magana ta zo da kanta.

Ki gaishe da Inna, ki ce mata jikan nan angonta na nan tafe, ta fara tanadin tukuici. Ki shafa mini kan 'yan matan.

Naki,
Uwaisu


Camberwell, Landan
19 ga Yuni, 1975

Uwargida Shafa'atu,

Ina gaishe ki, ina tambayar lafiyarku gaba ɗaya. Allah ya sa zazzaɓin Talatu ya sauka. Ki zauna kafin ki karanta wannan, kuma kada ki karanta a gaban Inna.

Mun je Oval. Ban taɓa ganin baƙaƙen fata da yawa haka a wuri ɗaya a ƙasar nan ba. Mutanen West Indies sun cika gefenmu da gwangwanaye da ƙararrawa da usur, in an yi duka mai kyau sai ka rantse kasuwa ce ta tashi. Ostireliya suka fara, aka fitar da su duka a gudu ɗari da casa'in da biyu. Da West Indies suka karɓa, wani ɗan tsurut mai duka da hagu, rigarsa a buɗe, ya sa babban mai jifan Ostireliya a gaba ya yi ta jibgar ƙwallonsa ba ƙaƙƙautawa. Yaron nan ya hau kan benci yana ihu, muryarsa na karyewa. Da aka gama ya rungume Mista Garrod, tsohon har hularsa ta faɗi. Ni na ɗauko masa ita.

Yaron ne ya zauna a tsakiyarmu, amma wunin nan duka kafaɗarsa ce a wajena. Sau ɗaya ya juyo. Ya ce Gabashin Afirka ma sun zo gasar, me ya hana Nijeriya? Ya ce ya duba littafin tarihin wasan na Mista Garrod bai ga sunan ɗan Nijeriya ko ɗaya ba, ko ba a yin kurket a can ne? Shafa'atu, amsar tana bakina. Ina so in ce masa ana yi, ubanka ma ya taɓa fitar da mutum biyar a wuni ɗaya a filin kwaleji, a kan tabarmar igiya don ba mu da ciyawa. Sai na ga tsohon ya karkato kunne. Dattijo ne, ya girmi Baffa, kuma shi ya riƙe mana ɗa. Ta yaya zan buɗe baki ina yabon kaina ga ɗan fari a gabansa? Na ce ana ɗan taɓawa. Ya ce oh, ya juya. A ranar kuma aka fitar da Gabashin Afirka duka a gudu casa'in da huɗu a hannun Ingila, shi ya karanto mana a jaridar yamma yana dariya.

Shekaranjiya takardar lauya ta iso. Mista Garrod da Doris sun kai magana kotu. Yanzu yaron yana ƙarƙashin kulawar kotu, ba mai ikon fita da shi daga ƙasar sai alƙali ya yarda, ko da kuwa ubansa ne. Na karanta sau uku. Raina ya ɓaci har na fita ba kwat, na hau bas da jirgin ƙasa zuwa Dagenham ina shirya maganganun da zan gaya musu. Da tsohon ya buɗe ƙofa na ga idonsa ja, sai na samu kaina ina tambayarsa lafiyar Doris. Ya ce ba don su ba ne, yaron ne ya roƙe su yana kuka. Ya ce su ba su taɓa haihuwa ba, kuma ba su taɓa ce masa a'a a abin da ya shafi ransa ba.

Katung ne ya haɗa mu da su tun farko, yanzu ya rasa inda zai sa kansa don kunya, sai haƙuri yake ba ni kamar shi ya kai ƙarar. Ya samo mini lauya a Old Kent Road. Lauyan ya ce kotu za ta turo wata ma'aikaciya ta duba yadda nake da yaron, abin da ta rubuta kuma shi alƙali zai fi dubawa. Na ce ta zo mana, ɗana ne, me za ta gani? An yi cancel ɗin tafiyar Yuli. Ma'aikata kuma na rubuta musu su ƙara mini lokaci.

Ki ce wa Inna takardun makaranta ne suka riƙe mu. Ki yi addu'a, ki sa a yi.

Mijinki,
Uwaisu


Camberwell, Landan
21 ga Yuli, 1975

Shafa'atu,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da Inna da yara. Na samu takardarki, na ga inda hawaye ya ɓata tawada, ba sai kin ce ruwan buta ne ba. Kin tambaya ko zuwanki zai taimaka. Lauya ya ce a'a, ni ma na ce a'a. Ke da ko kallonsa ba kya yi in da mutane, me za ki ƙara a kan abin da na ɓata?

Ma'aikaciyar kotun ta zo. Yarinya ce, ba ta fi ƙanwarki Hajara ba, mai fara'a, ta sha shayina har kofi biyu. Ta tambaye ni wane abinci yaron ya fi so, na faɗa. Wace shekara ya yi ƙyanda, na faɗa. Sai ta ce ta lura tun da muka zauna the boy kawai nake cewa, ko akwai dalili? Na yi mata bayani cewa ɗan fari ne, a wurinmu uba da uwa ba sa kama sunan ɗan fari, ba sa wasa da shi, ba sa yabonsa a gaban mutane. Ta ce to ta yaya yake sanin ana sonsa? Na ce ai kowa ya sani. Ta ce shi fa? Ban taɓa tunanin tambaya ce ba. Baba bai taɓa kiran sunan Yaya Zailani ba har ya koma ga Allah, amma duk gidan mun san wa zai ba ransa dominsa. Sai dai Yaya ya tashi a cikin mutanen da za su gaya masa haka. Namu kuwa mun kai shi inda ba mai gaya masa.

Katung ya zaunar da ni ya yi mini faɗa sosai. Ya ce, "Malam Uwaisu, mu ma muna da kunya a Kagoro, amma nan England ne, you have to show it. Ka dafa kafaɗarsa, ka kira shi, ka yi masa tafi, ko na wata ɗaya ne." Na ce zan yi. Wallahi na gwada. Ina aske gemu da safe ni kaɗai a flat na buɗe baki in faɗi sunan, sai in ji kamar an ce in tuɓe a kasuwa. Kada ki yi dariya, gwada ki gani.

Ranar Asabar aka yi wasan da ake zaɓen yaran da za su buga wa gundumarsu. Ma'aikaciyar ta ce za ta zo ta gan mu tare. Na sa babbar rigata, na tafi da Katung, na kuma yi kuskuren gayyatar Alhaji Almu na masallacinmu, wai don ta ga muna da dattawa da mutunci. Aka zaunar da mu a benci ɗaya, Alhaji a hannun damana, Mista Garrod a haguna da littafinsa da fensirorinsa.

Yaronmu ne na uku da ya shiga duka. Shafa'atu, yaron nan ya iya. Ba son kai ba, na san wasan. Yana tsayawa a nitse, yana jiran ƙwallo har ta iso, ba ya garaje. Sau bakwai ya kora ta har bakin fili. Ban rubuta komai ba amma kowane gudu yana kaina, ina ƙirgawa a yatsu cikin hannun riga. Al'adar wasan ita ce in mai duka ya kai hamsin sai kowa ya yi tafi, shi kuma ya ɗaga sandarsa wajen mutanensa. Na san haka, na shirya tun yana arba'in. Da ya cika hamsin fili ya ɗauki tafi, Mista Garrod ya ajiye fensir ya miƙe tsaye. Yaron ya cire hula ya ɗaga sanda, kuma ba tsohon ya nuna ba. Ni ya nuna. Na ga idonsa.

Hannuwana suna kan gwiwa, suka ƙi tashi. Na ji Alhaji a gefena, na ji kamar duk Zariya ce ke kallona ina shirin yi wa ɗan fari tafi, sai kaina ya sunkuya da kansa. Katung yana zungurina ta baya. Da na ɗago yaron ya riga ya mai da hularsa. Bai daɗe ba aka fitar da shi a hamsin da huɗu, da wani duka na ganganci da ba irin nasa ba.

Ban tsaya nan ba. Lokacin shan shayi wata Baturiya, uwar wani yaro, ta zo tana ta zuba yabo, wai ba ta taɓa ganin yaro mai hannu irin nasa ba, wai wata rana sai ya buga wa Ingila, lalle ina alfahari. Yabo tsirara, ba tubarkalla ba komai, a gaban jama'a. Na ji masa tsoron baki. Kafin in yi tunani na ce mata ai ba wani abu ba ne, sa'a ce kawai, malalaci ne ma a gida. Abin da Inna za ta faɗa ke nan, abin da ke ma za ki faɗa. Alhaji ya gyaɗa kai don ya san na yi daidai. Da na juya, ma'aikaciyar tana bayana da kofi a hannu, shi kuma yana bayanta, bai ko kwance kariyar ƙafarsa ba.

An zaɓe shi. Mista Garrod ne ya gaya mini a waya, don shi bai zo ya yi mini sallama ba. Ban san abin da zan yi ba, Shafa'atu. Duk abin da aka koya mini na zama uban kirki shi nake yi, kuma shi ne ake rubutawa a kaina.

Ki gaishe da kowa. Ki ce wa Hansai na ga zanenta, jirgin ya yi kyau amma ba a sa masa taga ba.

Naki har kullum,
Uwaisu


Camberwell, Landan
24 ga Oktoba, 1975

Zuwa ga Shafa'atu,

Ina gaishe ki da gaisuwa mai yawa. Ina fatan kun yi sallah lafiya, ke da Inna da 'yan mata. Ki yafe mini shirun da na yi, na ga takardunki duka, ba ni da abin faɗa ne sai an shiga kotu. An shiga ranar Talata.

Alƙalin dattijo ne mai sanyin murya, bai wulaƙanta ni ba. Tun da safe ya gana da yaron su biyu a ofishinsa. Katung ya ba da shaida a kan al'adarmu, ya yi ƙoƙari, har da cewa a wurinmu wanda aka fi jin kunyarsa shi aka fi so. Alhaji Almu ma ya yi magana. Aka karanta rahoton ma'aikaciyar, ba ta yi mini ƙarya ko ɗaya ba. Benci yana ciki, malalaci yana ciki. Ta kuma rubuta cewa ta yi imani ina sonsa, amma shi bai yi ba.

Da aka kira ni, lauyan su Garrod ya ce yana da roƙo ɗaya. Ya ce tun safe kotu ke jin the boy daga bakina, ko zan iya gaya wa kotu sunan yaron da nake nema a ba ni? Na dubi Alhaji, ya kau da kai don ya sauƙaƙa mini. Na riƙe katakon gabana na faɗa. Cikakke na faɗa, da sunan da aka raɗa masa ranar suna a zauren Baba, da nawa a bayansa. Muryata ta fito da ƙarfi fiye da yadda na so. Rabona da furta sunan tun ranar da na raɗa wa liman a kunne. Da na gama sai na ji wani sauƙi, na waiga ina neman fuskarsa a bayan Doris.

Ba ya nan. Ashe tun da ya gama da alƙali aka mai da shi makaranta, don ba a barin yara su zauna sauraron shari'a. Ba wanda ya gaya mini. Sunan nan, lauyoyi da magatakarda da wani ɗan sanda a bakin ƙofa na faɗa wa.

Alƙali ya ce ya yarda al'ada ce, ya yarda ba ƙiyayya ba ce. Amma ya ce yaron bai tashi cikinta ba, kuma abin da ya fahimta shekara goma sha biyu shi ne abin da ya rayu da shi. Ya ce ya tambaye shi me ya sa ba ya son tafiya, bai ambaci kurket ba, bai ambaci makaranta ba. Cewa ya yi ba ya son ya zauna a gidan da ba a sonsa. Hukunci shi ne zai ci gaba da zama wurin su Garrod har ya cika sha takwas. In ya so ya zo mana hutu, ba mai hana shi, ba kuma mai tilasta shi. Lauyana ya ce ɗaukaka ƙara ɓata lokaci ne. A bakin kotu Mista Garrod ya zo ya kama hannuna da hannu biyu yana kuka, na rasa ko in fizge ko in rarrashe shi. Na rarrashe shi.

Jiya na je sallama. Doris ta yi kek. Yaron ya sauko da kayan makaranta, ya miƙo mini hannu, ya ce safe journey, ya ce in gai da ke da the girls. Na so in ce masa na faɗa, a tambayi kowa, na faɗa a gaban alƙali. Amma wane irin zance ne wannan a kunnen yaro? Na ce ya riƙe salla, ya ji maganar manya. Ya ce yes sir.

Kin rubuto cewa an gama shafe masa ɗakin da ke kusa da na Inna, kuma tana hana kowa shiga. Ina roƙonki abu ɗaya, ki gaya mata kafin in iso, a hankali, bayan ta ci abinci. Ni ba zan iya kallon fuskarta in faɗa ba. Kada kuma a tara mutane a filin jirgin Kano, Yaya Zailani kaɗai ya isa. Zan taso ranar Alhamis ta sama in Allah ya yarda. Kujera ɗaya na yi booking.

Allah ya ba mu haƙuri, ya tsare shi inda yake.

Mijinki,
Uwaisu